Ƙotar Fartanya da Robar Hannun Babur

In kana son sanin irin wahalar da babur ya sha, ba sai ka tambayi mai shi ba. Dubi robar hannunsa, musamman ta dama. Sabuwa tana zuwa da zane a jikinta, 'yan tudu da kwari da aka yi domin tafin hannu ya sami abin kamawa. Bayan damina biyu a hannun ɗan acaɓa ko mai kai kaya kasuwannin ƙauye, zanen nan ya shafe, wurin da gindin babban yatsa ke zama ya lotsa, bakin robar na waje ya yage saboda yawan jingina babur da bango da faɗuwa cikin yashi. Wata takan bushe ta yi tauri tana tsattsagewa. Wata kuma narkewa take yi ta koma danƙo, mutum ya sauka ya ga tafin hannunsa ya yi baƙi ƙirin.

Manomi ya san wannan matsala tun kafin babur ya shigo ƙasar Hausa. Fartanya abu biyu ce, ruwa da ƙota. Ruwan ne ke yanka ƙasa, shi ake kai wa maƙeri ya koɗa, shi ake yabo in ya yi kaifi. Amma ba wanda ya taɓa riƙe ruwan fartanya ya yi noma. Daga hantsi zuwa azahar ƙota ce a hannunsa, kuma duk ƙarfin da ya taso daga ƙugunsa da kafaɗunsa ta cikinta yake bi kafin ya isa ƙasa. Shi ya sa tsohon manomi yakan daɗe a gaban masassaƙi yana ɗaga ƙota yana ajiyewa, yana neman ta marke ko ta ƙirya, yana shafa ta ya ji ko za ta zauna masa a hannu. Ƙotar da ta yi kauri tana gajiyar da yatsu. Wadda ta yi kaushi tana fitar da bororo tun kafin a gama noman farko. Wadda gumi ya goge ta yi sulɓi kuwa sai an riƙa tofa yawu a tafi kafin ta kamu.

Babur ma haka yake. Inji ake yabo, inji ake yi wa juyen mai, shi ake kai wa bakanike da zarar ya canja kuka. To amma mahayi ba ya taɓa inji. Abin da ke hannunsa tun safe har dare robar nan ce guda biyu. Ta nan yake juya kan babur, ta nan yake ba da wuta, daga nan yatsunsa ke miƙewa su kamo birkin gaba a dama, su kamo kuloci a hagu in ba roba-roba yake tuƙawa ba. Baburan da suka cika hanyoyinmu, irin su Bajaj Boxer na Indiya da Jincheng da Haojue na Sin, injinsu mai silinda ɗaya ne, kuma irin wannan inji yana da karkarwa. Karkarwar tana hawowa ta ƙarfen kan babur, robar ce ke shanye wani abu daga cikinta. In ta cinye ko ta yi sulɓi, mahayi yakan ƙara damƙe ta ba tare da ya lura ba. Kafin la'asar damtsensa ya yi tsami, yatsunsa sun mutu, ga rami a gaba ko akuya ta gilma, hannun da zai kai wa birki ya riga ya yi nauyi. Wannan ne ya sa nake ganin maganar ba ta ado ba ce. Ko da gwamnatin Kano ta hana acaɓa a cikin birni a Janairun 2013, a ƙauyuka babur ne har gobe ke kai mai naƙuda asibiti, shi ke fito da buhun gero daga gona, haka 'yan kabu-kabu suke yi a Maraɗi da Damagaram. Rayuka da dama ne ke rataye a kan wannan 'yar roba.

Wani zai ce, ai sai a sayi sabuwa, nawa take? Gaskiya ne ba ta kai taya ko sarƙa tsada ba. Sai dai tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, aka kuma saki Naira a kasuwar canji cikin watan Yuni na shekarar, kayan gyaran da ake shigowa da su daga waje suka yi tashin gwauron zabo, mai babur ya koma lissafin kowace Naira: ga balas na maigida, ga mai, ga cefane. Ban da haka, masu hawa sun sani cewa robar da babur ya zo da ita daga kamfani sau da yawa ta fi ta araha da ake ratayewa a shaguna inganci. Ta arahar tana da launi, tana da ƙyalli, amma wata bazara ɗaya ke gamawa da ita. Saboda haka wanda ya tsaya ya raya ta asali ba rowa ya yi ba.

Kafin a gyara abu ya kamata a san abin da ke kashe shi. Roba a asalinta ƙaro ce mai danƙo, tana narkewa a zafi, tana ƙagewa a sanyi. Wani Ba'amurke, Charles Goodyear, shi ya sami takardar mallakar fasahar dafa ta da farar wuta a 1844, daga nan ta zama abin da za a iya yin taya da shi. Baƙin da muke gani a jikinta kuma wani gari ne dangin kunkunniya da ake cakuɗawa, yana ƙara mata ƙarfi, yana kare ta daga hasken rana. Duk da haka rana tana cin ta a hankali, balle irin tamu ta watan Afrilu da zafi ke wuce maki 40 a Kano da Sakkwato, a bar babur a fili tun safe har robar ta gagari taɓawa. Ƙurar hunturu tana shiga cikin zanen, ta haɗu da gumi, hannu yana murzawa tana ci. Amma babban makashinta fetur ne da baƙin mai. Mutum ya tsaya wurin 'yan bumburutu, ya riƙe mazurari, ya rufe tanki, ya mai da hannun kan totur da danshinsa. Ko yaron bakanike ya gama da sarƙa ya hau ya gwada babur. Fetur yana kumbura roba, yana sassauta ta, kuma yawancin robar da ka ga tana danƙo ta nan ciwonta ya faro.

Don haka gyaran farko wanki ne. Ruwa da sabulu da tsohon buroshin haƙori, a goge lungu-lungu, a ɗauraye, a bar ta ta bushe a inuwa. Kada a wanke da fetur ko kalanzir, ko da yake shi ne abin da hannu ke fara kaiwa gare shi a gareji. Sau da yawa robar da ake zaton ta mutu datti ne kawai ya cike zanenta, da an wanke sai ta dawo tana kama hannu. Manomi ma in ƙota ta yi sulɓi ba ya jefar da ita, wuƙa yake sa wa ya kankare gogaggen saman nan har sabon ice ya fito.

In kuwa zanen ya tafi ko an fara ganin tsaga, sai a nemi tsohon tiyub. Shi dai ba baƙo ba ne a gidajenmu: da shi ake ɗaure kaya a bayan babur, da shi ake ɗinka guga, kuma da shi manomi ke ɗaure ƙotar da ta fara darewa a tsakiya. Ka lura da yadda yake yi. Ba ya jira sai ta rabe biyu. Da ya ga layin tsaga ya fito, da yamman nan zai zauna a ƙofar gida ya naɗe, kuma ba a kan tsagar kaɗai ba, yakan faro daga inda icen ke da lafiya, ya bi ta kanta, ya wuce ta zuwa wani wurin mai lafiya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga; a jikin robar babur ruwan sama ne ke bi ta tsagar, ya kwanta a kan ƙarfe, tsatsa ta kama, robar ta fara juyawa.

Tiyub ɗin keke ya fi na babur dacewa da wannan aiki, domin ya fi shi sirantaka, ba zai ƙara wa hannun kauri da yawa ba. Yana da kyau mutum ya zauna kusa da tsohon mai faci ya ga yadda yake fitar da tsiri daga jikinsa. Zai yanke wajen bawul ya ajiye, ya tsaga tiyub ɗin a tsaye ya shimfiɗa a cinya, sannan ya bi da almakashi a hankali, faɗin bai kai yatsu biyu ba, kamar santimita 2. Ba ya sa reza yana tsinkawa, don ya san duk inda gefen ya sami ɗan ƙaramin tsagi, nan zai tsinke in an ja. Tsawon mita ɗaya da 'yan kai ya ishi hannu guda. Cikin tiyub akwai farar hoda da kamfani ke sawa don kada ya manne da kansa, dole a wanke ta tas, in ba haka ba sholisho ba zai kama ba. Sai ya ɗan goge tsirin da samfefa ciki da baya, cikin domin gam ya sami wurin riƙewa, bayan domin kada ya yi sulɓi a tafi. Ya fere bakinsa biyu a karkace, ya shafa sholisho sama-sama a jikin tsohuwar robar da cikin tsirin, ya ajiye ya ci gaba da hira.

Wannan jiran shi ne abin da samari ba sa so. Za ka ji ɗan acaɓa na cewa, "Baba, don Allah a manna haka nan, fasinja na jira na." Shi kuma ya ce, "Haƙuri za ka yi, ɗana, in ka manna shi da danshi, gobe da safe za ka dawo." Gaskiyarsa ce. Sholisho sai ruwansa ya tashi, ka taɓa da bayan yatsa ka ji yana kamawa amma ba ya biyo ka, sannan yake riƙo. Daidai da yadda ake yi wa faci.

Naɗin ana fara shi ne daga bakin waje, a yi zagaye ɗaya cikakke a kan kansa don ya kulle, sannan a riƙa tahowa ciki wajen makunnin fitila, kowane zagaye yana hawa rabin wanda ya gabace shi. Dalilin farowa daga waje shi ne hannu yakan zame ne ya yi waje, to in an naɗa ta haka, tafi zai riƙa sauka daga kan gefen tsirin maimakon ya ɗaga shi. Akwai kuma maganar ta inda za a juya, wadda mutane da yawa ba sa kula da ita. A hannun dama, in za ka ba da wuta, saman robar kake jawowa wajenka. To ta nan naɗin zai bi, ya hau ta sama ya taho wajen mahayi, yadda duk murzawar totur ƙara ɗaure shi za ta yi. In aka juya shi ta ɗaya ɓangaren, kullum hannunka na kwance shi kaɗan-kaɗan. A ja tsirin ya miƙe sosai amma kada a ja shi har ya yi fari-fari, domin robar da aka ja har iyakarta rana ta fi saurin tsinka ta. In an zo ƙarshe a cusa bakin a ƙarƙashin zagayen baya, a ɗaure da zaren ɗinkin takalmi zagaye huɗu ko biyar, ƙullin ya kwanta a ƙasa inda tafi ba ya kaiwa. Wasu kan fara naɗa siririyar igiya a karkace kafin su rufe da tiyub, sai ta fito da tudu-tudu a ƙarƙashi, hannu ya sami makama ko da ana ruwa. Dabara ce mai kyau ga wanda tafinsa ke yawan gumi.

Idan an gama, a riƙe a ji. Manomi ba ya auna ƙota da ido, hannu yake ba ta. Yatsu su zagaye robar ba tare da an buɗe tafi da yawa ba, manuni da na tsakiya su kai ga birki cikin sauƙi. In ka ji sai ka saki riƙo kafin ka kamo birki, naɗin ya yi kauri, a kwance a rage. Kuma a yi wa hannu biyun iri ɗaya, kada dama ta fi hagu.

Abubuwa biyu ne nake roƙon masu babur su rabu da su. Na farko salatif ɗin masu gyaran wuta, baƙin nan. Ranar da aka naɗa shi yana da kyan gani, amma gam ɗinsa ba ya jure zafi, cikin 'yan kwanaki zai narke, zagayen su zame, hannu ya koma danƙo fiye da da. In za a yi amfani da shi, zagaye biyu a ƙarshen naɗi ya isa. Na biyu sufa gulu. Yana ƙagar da roba ta koma kamar ƙashi ta karye a gefen inda aka ɗiga shi, kuma ruwa-ruwa ne, yana gangarawa inda ba a aike shi ba. A hagu ɓarnarsa kaɗan ce. A dama kuwa yana iya kashe mutum.

Dalili shi ne hannayen biyu ba gininsu ɗaya ba. Ƙarfen kan irin waɗannan babura kaurinsa milimita 22 ne, kuma robar hagu a kansa take zaune kai tsaye. Ta dama raminta ya fi faɗi, wajen milimita 24 zuwa 25, domin ita a kan wani bututun roba mai tauri take, shi kuma bututun yana juyawa a kan ƙarfen yana jan wayar totur. Dole wannan bututu ya juya sakayau, in an sake shi ya koma da kansa nan take. Ɗigon gam ɗaya da ya shiga tsakaninsa da ƙarfe, ko naɗin da ya wuce iyaka ya gogi gidan makunni, ko bakin tsirin da ya lanƙwasa ya shiga ƙarshen ƙarfen, duk suna iya riƙe totur a buɗe. A nan ne ƙota da hannun babur suka rabu. Fartanya in ta kuɓuce, abin da za a yi asara bai wuce tushen dawa ɗaya ba. Babur in ya ƙi sauke wuta a bakin kasuwa da goyon mutum biyu, sai dai a yi ta addu'a. Saboda haka a bar 'yar tazara a kowane gefe, ko da kaurin tsinken ashana ce. Bayan an gama, tun ba a tayar da inji ba, a murɗa totur har ƙarshe a saki, a ji ya koma da ƙara, ƙas. A karya kan babur dama har ƙarshe a sake gwadawa, a karya hagu a sake. In ya yi nawa ko sau ɗaya ne, ba a hau ba sai an gano dalili.

Robar hagu tata matsalar daban ce: takan saki ƙarfe ta riƙa juyawa, wani lokaci ta zare gaba ɗaya a hannun mutum yana cikin tafiya. Naɗi daga waje ba ya maganin wannan. Ƙota ma in rani ya busar da ita ruwan fartanya ya fara girgiɗi, ba a tsakiya ake ɗaure ta ba, wajen da ƙarfe ya shiga ice ake komawa, a jiƙa ko a buga ɗan tsinke ya cike gurbin. To a zare robar, a goge tsatsar ƙarfen da samfefa har ya yi haske, a wanke cikin robar a bar shi ya bushe ƙayau. In ramin ya buɗe, a naɗa zare a jikin ƙarfen a karkace, shimfiɗa ɗaya, a shafa sholisho, a tura robar tun gam ɗin na da danshi. A nan kam da danshin ake so, don shi ne zai ba ta sulɓin shiga. Kada a sa baƙin mai don ta shige da sauri, ba za ta taɓa kamawa ba. Ruwan sabulu ma yana da illa, yana bushewa kamar ya riƙe, ranar da ruwan sama ya shiga sai sulɓinsa ya dawo. A bar babur ya kwana kafin a hau. Masu tseren babur a cikin laka da tudu a ƙasashen waje har siririyar waya suke ɗaure robar da ita a wuri biyu ko uku, su murɗa bakin su nutsar da shi cikin robar ta ƙasa, kuma akan yi robar tasu da 'yan kwarin da wayar za ta kwanta. Mai babur a nan ma zai iya yin haka, in dai ya tabbatar tsinin wayar ya ɓuya, ba zai soki hannu ba.

Akwai masu sa wa hannun babur riga ta fata mai tuntaye, ko ta soso, ko saƙar zare mai launi. Ina son ganinsu, suna nuna mutum yana ƙaunar abin hawansa, kuma rigar tana kare roba daga rana. Sharaɗi ɗaya ne, ta kama gam. Rigar da ke juyawa a kan totur ta fi tsohuwar roba tsirara haɗari, domin hannunka zai murɗa, riga ta juya, wuta ba ta sauka ba. Fata kuma in ta sha ruwan damina tana yin sulɓi, in ta bushe ta ƙage, sai an riƙa duba ta.

Naɗin tiyub ba na har abada ba ne. Zai kai wasu watanni, gwargwadon aiki da rana, in ya fara tsattsagewa a gefe sai a kwance a sa wani, tunda tsohon tiyub ba ya wuyar samu. Abin da ke ƙara masa kwana kaɗan ne: a nemi inuwa in za a daɗe a tsaye, in babu a yafa tsumma a kan hannayen, a kuma ajiye wani tsumman a ƙarƙashin siti don goge hannu bayan an sha mai.

Amma akwai inda ɗauri ba ya kaiwa. Ƙota in ta fashe a kai, daidai inda maƙeri ya ƙona ramin da ƙarfe ya shiga, manomi mai hankali ba ya wahalar da kansa da roba, don ya san wata rana zai ɗaga ya sara ruwan ya fita ya nufi ƙafarsa. Masassaƙi yake nema. Haka in aka ɗaga robar dama aka ga bututun da ke ƙarƙashinta ya tsage, ko wurin da kan wayar totur ke maƙalewa ya cinye, ko wayar kanta ta fara warwarewa tana fitar da gashi, to maganar naɗi ta ƙare. Yawanci robar dama da bututunta a haɗe ake sayar da su. A sayi mai kyau, a sa bakanike ya canja har da wayar, ya goge ƙarfen ya cire tsatsa da ƙasar da ta taru a ciki kafin ya zura sabon, sannan a yi gwajin nan na karya kai dama da hagu a gabansa tun ba a bar garejin ba.